Sai Na Gani da Idona

Duk wanda ya taɓa zama a shagon askin nan na ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti, ya san Ɗan-Sunkuya. Daga bakinsa sunan ya fito. Ko manajan banki ne ya hau kujerarsa, ko ɗan sanda mai anini a kafaɗa, sai ya ɗora masa yatsu biyu a ƙeya ya ce, "Ɗan sunkuya." Kowa kuma sunkuyawa yake yi. Shi ya sa yakan bugi ƙirji ya ce duk garin babu mai iko kamarsa, tunda bai taɓa ba da umarni an yi masa gardama ba.

Gajere ne, kakkaura, mai saurin dariya, kuma abin haushin, kansa ba gashi ko na magani. Tun yana saurayi ya shiga sana'ar. Daga sharar gashi ya fara, har ya mallaki kujerar kansa, wata tsohuwa mai juyawa da ke ƙara in an taka ta. Da ita ya yi aure, da ita ya sa 'ya'yansa a makaranta. Sauran kayan shagon ba su da yawa: madubi mai tabo a kusurwa, fanka mai kaɗa kai kamar kullum musu take yi, da dogon benci wanda ya fi kujerar farin jini. A kan bencin nan aka sha raba gardamar ƙwallo, aka sha haɗa mai gida da ɗan haya, aka sha sasanta wa da ƙane. Mutum zai shigo fuska a murtuke, kafin layi ya zo kansa ya manta abin da ya ɓata masa rai.

Ana nan, sai hannun dama ya ci amanarsa. Da fari ɗan motsi ne a babban yatsa. Ya ɗora laifin a kan shayi, ya daina sha, motsin bai daina ba. Likita ya duba shi ya ce irin rawar nan ce da ba ta kisa, ba ta kuma tafiya, sai dai ta ƙaru a hankali. Da injin aski yana iya ɓoyewa, don injin ma rawa yake yi. Reza ce ba ta rufa asiri. Ya san dole ya ajiye ta kafin ranar da zai yanki kunnen ɗan wani, ya kuma san in ya ajiye babu wani aikin a hannu, tukunyar gidansa ce za ta huce. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Matarsa da ƙanwarsa kaɗai ya faɗa wa, ya rantse bencin ba zai ji ba.

Ƙanwar tana aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kaya, irin matan nan masu amsa waya biyu lokaci guda. Ita ta zo da maganar shafin.

"Yaya, yanzu an daina yawo da takardu a ambulan. Akwai dandali a intanet, na ma'aikata zalla. Ka sa hotonka, ka rubuta abin da ka iya, ka nemi mutane su zama abokan hulɗarka. Masu barin wata sana'a su kama wata, can suke samun hanya."

"Ni da ban taɓa zama a ofis ba?"

"Wa ya tambaye ka? Miƙo wayar."

Aka aro kwat a wurin mai gyaran waya. Hoton farko ya ƙi, na biyu ya ƙi, don sanƙon sai ya kama hasken ya mayar wa kyamara. Sai da aka barbaɗa masa hodar aski a ka kafin fuskarsa ta fito. Da suka zo gurbin da ake rubuta abin da mutum ya iya, ƙanwa ta zuba: aski, shugabanci, sarrafa kwamfuta, tsara dabarun kasuwanci.

"Wace kwamfuta kuma?" ya ce.

"Ba kai ka taɓa ta maƙwabcinka ba ranar nan?"

"Kashe ta na yi. Da gwiwar hannu."

"To ai sarrafawa ce."

Washegari yana tsakiyar gyara wa wani saje, wayar ta yi ƙara. Wani akanta, wanda bai taɓa gani ba, ya karɓe shi a matsayin abokin hulɗa. Wayyo daɗi! Ya bar mutumin da saje ɗaya, ya fita titi da tawul a kafaɗa yana nuna wa mai fenti. "Akanta! Mai taye! Duba, ga sunana ga nasa!" Kafin mako ya zagayo ya tara injiniyoyi, malaman jinya, wani mai tuƙa jirgin ruwa, da wata mata mai kiwon zuma. Duk wanda ya karɓe shi sai ya aika masa da gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali. Bakinsa har kunne yake kwana yake tashi. Matarsa ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya kalle ta yadda yake kallon wayar nan ba.

Matsalar ta fara ne ran da wani mutum daga wani gari mai nisa ya danna masa shaidar cewa ya iya shugabanci da sarrafa kwamfuta. Haka tsarin yake: shafin yakan nuno maka wani ya tambaye ka ko ya iya kaza, kai kuma ka danna ka shaida. Ɗan-Sunkuya ya kira ƙanwarsa.

"Wannan bawan Allah a ina ya ga ina shugabanci?"

"Yaya, haka ake yi. Ya danna maka, ka danna masa. Kowa ya ƙaru."

"Bai gani ba fa."

"Ba sai ya gani ba!"

"To ni sai na gani."

A nan wanda bai san shi ba zai ce taurin kai ne. Amma mutumin da ya shekara ashirin da wani abu yana riƙe da reza a maƙogwaron mutane ya san nauyin a yarda da kai. Sau da dama an zo shagonsa ana tambayarsa halin wane, za a ba shi haya ko za a ba shi amana, kuma bai taɓa faɗin abin da idonsa bai gani ba. Yanzu don an mayar da abin danne-danne ba zai sake hali ba. Saboda haka da shafin ya tambaye shi ko akantan nan ya iya lissafin haraji, sai ya rufe shago da hantsi, ya sa kwat ɗin aro, ya hau bas.

Ofishin a hawa na uku yake, ƙaramin ɗaki mai warin takarda. Akanta, wani dogo mai tabarau, ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, ni ne abokin hulɗarka. Mai aski. An tambaye ni ko ka iya haraji, shi ne na zo in gani."

Akanta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Malam, dannawa kawai ake yi."

"Na sani. Kai dai ci gaba da aikinka, kamar ba na nan."

Ya ja kujera ya zauna dab da shi, hannu a kan gwiwa. Akanta ya fara gumi. Mutumin da ya saba da masu binciken gwamnati, yau ga shi yana kuskuren buga lamba saboda wani mai sanƙo ya zuba masa ido. Can dariya ta ƙwace masa, ya aika aka kawo lemo. Ɗan-Sunkuya ya wuni a wurin, kuma gaskiyar magana ko alif bai gane ba. Da ya koma gida bai danna maɓallin ba. Ya sami gurbin da ake rubuta wa mutum shaida da kalmomi, ya rubuta da yatsan hagu:

"Ni ban san haraji ba, don haka ba zan ce ya iya ba. Amma na zauna kusa da shi, na ga wata mata ta shigo da takardu a leda tana hawaye, ta fita tana dariya har ta manta ledar. Bai ɗaga mata murya ba ko sau ɗaya. Ƙeyarsa dai tana buƙatar gyara."

Abin da ya biyo baya ko ƙanwar ba ta taɓa ganin irinsa ba. Akanta ya ɗora shaidar a saman shafinsa, mutane suka yi ta yaɗawa. Wayar Ɗan-Sunkuya ta koma kamar gidan kaji, ƙara ba dare ba rana. Kowa so yake mai askin nan ya zo ya gan shi. Wani ya ce zai aiko da mota. Wata ta ce ita shaida ɗari biyu gare ta, amma duk ta ba da su a kan tasa guda. Shi kuwa daɗi kamar ya kashe shi. Ya sayi kwat ɗin daga hannun mai gyaran waya gaba ɗaya.

Na biyu da ya ziyarta shi ne Mai Ƙanƙara, wani ƙato mai kula da ɗakin sanyi inda ake ajiye kifi da magunguna. Ya rubuta a shafinsa cewa ya iya aiki cikin matsi. Ɗan-Sunkuya ya ce a kai shi inda matsin yake. Aka ba shi rigar sanyi, ya ce shi ba rago ba ne. Kafin a gama sauke mota guda, haƙoransa na kaɗawa, kunnuwansa sun daina jin kansu, sanƙon ya yi fari. Ma'aikata suka yi ta dariya har da riƙe ciki, shi ma yana tayawa. Ranar ce kaɗai ya bar hannunsa ya yi rawa a gaban mutane ba fargaba, don duk jikin ne ke yi. Ya rubuta cewa ya ga wuta ta ɗauke, ya ga mutumin ya tayar da janareta ya kwashe magunguna zuwa wani ɗaki bai zagi kowa ba, kuma duk mai zuwa wurin ya karɓi rigar.

Ta uku likitar haƙori ce ta yara, wata 'yar siririya mai saurin tafiya. Ta rubuta cewa tana da haƙuri da yara. Ya shiga har ɗakin da take aiki, ya ga yaro ya cije ta a yatsa, ta ce masa, "Madalla, haƙoran suna aiki." Wannan ya burge shi. Amma ɗakin jira kuwa, sai addu'a. Teburin karɓar baƙi ba kowa, mai zama a wurin ta bar aiki. Yara na ihu, iyaye na faɗa a kan wa ya riga wa. Ɗan-Sunkuya ya zauna a kan hannayensa don kada ya sa baki, tunda gani ya zo yi. Ya rubuta cewa a ciki likita ce ta gaske, amma a waje ka ce tashar mota ce. Likitar ta kira shi a fusace, ta fara faɗa, a tsakiyar faɗan ta fashe da dariya ta ce ai gaskiya ne.

Haka ya yi ta yawo. Ya ga mai kiwon zuma, ya dawo da leɓe kamar burodi. Ya je ganin wani da ya ce ya iya hangen nesa a kasuwanci, ya wuni bai ga inda ake hangen ba, ya ba shi haƙuri ya tafi. A bas ma an fara gane shi.

Matarsa ce ta dawo da shi ƙasa. Wata safiya yana goge takalmi ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Maigida, wai ni kam, kai ne mai neman aikin ko su?"

"Ai hulɗa ake ginawa."

"Akanta ya sami sababbin masu kawo masa aiki. Mai Ƙanƙara an ƙara masa girma. Kai me ka samu? Mura da harbin zuma."

Ba ƙarya ta yi ba. Ya nemi aikin sito, ya nemi na talla, ya nemi na kula da ma'aikata. Wasu ba su amsa ba. Wasu sun amsa da ladabi, suka ce suna son shaidarsa ƙwarai, amma mai ƙwarewa suke nema. Kowa na son ya zo ya gan shi, ba wanda ya ce ya zo ya zauna. Hannun kuma bai jira shi ba.

A cikin masu zuwa shagon akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ana ce masa Baba Fansho. Kullum da jarida a hammata yake zuwa, kuma shi ne ya rage mai cewa lallai sai an gyara masa fuska da reza. Ran nan Ɗan-Sunkuya na bin gefen wuyansa, hannun ya zille. Jini ya ɗan tsatso. Ɗan-Sunkuya ya danna auduga yana ba da haƙuri.

"Ƙurji ne," in ji Baba Fansho, ko jaridar bai sauke ba. "Dama yana nan."

Da shago ya yi sauƙi da azahar, Ɗan-Sunkuya ya zauna a kujerarsa ya buɗe shafin. Ya dubi hotonsa cikin kwat, da jerin abubuwan da aka ce ya iya. Shi da ke hawa bas don kada ya shaidi abin da bai gani ba, ga nasa shafin cike da shaidar da ba wanda ya gani. Kunya ta rufe shi. Ya goge shugabanci. Ya goge kwamfuta. Ya goge dabarun kasuwanci. Saura aski, wanda mutanen bencin suka danna masa da zuciya ɗaya, har da mai fenti. Ya dubi hannunsa yana rawa a kan gwiwa. Ya goge shi ma. Sannan ya rubuta a fili inda kowa zai gani: "Ni mai aski ne da zai bar aski. Ban san abin da na iya ba bayan shi. Wanda ya sani ya faɗa mini."

Ƙanwa ta kira kamar za ta fito ta cikin wayar. "Yaya! Ka kashe kanka! Wa zai ɗauki mutumin da shafinsa fayau kamar kansa?"

"Gara fayau," ya ce.

Ranar Asabar, ranar da shago ya fi cika, yana cikin kaɗe tawul sai ga Akanta a bakin ƙofa, da kujerar roba a hannu. Bayansa Mai Ƙanƙara, ya cika ƙofar. Bayansu likitar haƙori da jakarta.

"Lafiya?" in ji Ɗan-Sunkuya.

"Lafiya lau," in ji Akanta, yana gyara tabarau. "An tambaye mu abin da ka iya, shi ne muka zo mu gani. Kai dai ci gaba da aikinka, kamar ba ma nan."

Benci ya ɗauki shewa. Mai fenti ya leƙo, mai gyaran waya ya bar kwastoma ya shigo. Ɗan-Sunkuya ya yi dariya tare da su, har yana cewa a kawo lemo. Shi ya koya musu zuba ido. Yau idanun nan a kan hannunsa za su sauka.

Ya kama aiki da inji. Ba a jima ba wasu mutum biyu suka tashi tare, kowa na cewa layinsa ne. Ko juyowa bai yi ba. "Mai jar hula ya riga ka shigowa, amma ya fita amsa waya, kai kuma ka ba tsoho wurin zamanka. Don haka kai ne, shi kuma in ya yi haƙuri zan faɗa masa wanda ke sayar da irin tayar da yake nema." Duka biyun suka zauna suna murmushi. Sai ga wata uwa ta jawo yaro yana tirjewa, ihu kamar ana yanka shi. Ɗan-Sunkuya ya tsuguna, ya kashe injin, ya miƙa wa yaron ya ce ya taimaka ya aske masa nasa kan tukuna. Yaro ya dubi sanƙo, ya dubi inji, ya ce, "Ai babu komai." "Ka gani? Kai ka fi ni arziki. Hau mu rage." Yaro ya hau da kansa. Likita ta buɗe jaka ta ciro waya, ta fara rubutu.

Wani saurayi kuma ya zauna shiru a ƙarshen benci, layi ya zo kansa ya ce a wuce shi. Ɗan-Sunkuya ya bar shi, sai da hayaniya ta ɗauke hankalin mutane ya matsa kusa da shi yana yi kamar shara yake, suka yi magana ƙasa-ƙasa. An sallame shi daga aiki ne, bai iya faɗa a gida ba. Kafin ya fita, lambar Mai Ƙanƙara na cikin wayarsa don neman aiki.

Har Ɗan-Sunkuya ya fara jin zai tsallake ranar, sai Baba Fansho ya naɗe jarida ya hau kujera.

"Da reza, kamar kullum."

Ɗan-Sunkuya ya ɗaura masa ƙyalle. Ya shafa kumfa. Ya sa sabuwar reza. Da ya ɗaga hannun, sai ya ga ba ɗan motsi ba ne yau, rawa ce sosai, har rezar na walƙiya a madubi. Ya riƙe wuyan hannun da hagu, bai tsaya ba. Ga tabon ranar nan a wuyan dattijon bai gama warkewa ba.

Ya ajiye rezar a kan teburi. Ya ɗaga hannun sama inda kowa zai gani.

"Baba, ba zan iya ba. Ga abin da ya sa zan bar aski. Ya daɗe, na ɓoye muku. Ku yafe ni."

Ya jira salati. Ba wanda ya yi. Mai fenti ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya. Baba Fansho ya dube shi ta madubi, kumfa har kunne.

"Kai yaro, wai kai a zatonka makafi ne mu? Tun bara muka gani."

"Tun bara?"

"Ba ka lura duk bencin nan sun daina son gyaran fuska rana ɗaya ba? Mai fenti da ke kuka in sajensa ya karkace, ka ji ya ƙara tambaya? Zama muka yi a kan bencin nan ran da ka je asibiti. Muka ce kowa inji kawai. Ni kaɗai aka bari da reza, don kada ka gane, kuma don fatata ta riga ta ga duniya. Wuyana ya yi tsami da zama kamar gunki, wallahi."

Ɗan-Sunkuya ya ce, "To me ya sa ba ku koma wani shagon ba?"

"Wani shagon?" Baba Fansho ya shafa kansa, inda 'yan silin furfura ba su fi a ƙirga ba. "Dube ni da kyau. Kai a ganinka aski ne yake kawo ni nan duk mako?"

A nan Ɗan-Sunkuya ya yi kuka, kuka na gaske, a tsaye, da tawul a kafaɗa. Mai Ƙanƙara, ƙaton nan, shi ma ya juya yana duban fanka yana jan hanci. Akanta ya cire tabarau ya goge, ya sake gogewa. Sai yaron da aka yi wa aski ya tambayi uwarsa da ƙarfi ko shi ma baban tsoron inji yake ji, shago ya fashe da dariya, har mai kukan.

Likita ta bari aka lafa, sannan ta miƙa masa wayarta. "Ga abin da na gani, na riga na ɗora a shafinka. Karanta."

Ta rubuta cewa ba ta san aski ba, don haka ba za ta ce komai a kai ba. Amma ta ga ɗaki cike da masu jira, babu takarda babu lamba, kuma ba wanda ya fita da fushi. Ta ga yaro ya shigo da ihu ya fita yana ɗaga hannu. A ƙarshe ta ƙara da cewa kwat ɗin dai ya yi masa yawa.

"Hannun fa?" ya ce. "Kin gan shi."

"Na gani. Ni nawa hannun lafiyarsa ƙalau, shi ke cire haƙori. Wanda zai riƙe mini tashar motar nan nake nema. Kwamfutar teburin kuma sai ka koya, da gaske wannan karon."

"Ita da gwiwar hannu yake sarrafa ta," in ji mai gyaran waya, aka sake kwashewa.

Ba a rana ɗaya ya iya ba. Makon farko ya ba mutum biyu lokaci ɗaya, ya kuma goge sunayen wata rana gaba ɗaya, sai da ƙanwa ta zo ta zauna da shi tana faɗa tana nuna masa. Amma ɗakin jira ya daina zama tasha. Yara suka riƙa tambayar ina baba mai sanƙo. Matarsa ta rage wa kwat ɗin hannu, ta ce yanzu ya fara kama da mijin da za a nuna. Shagon kuwa wani mai aski ya karɓa, da kujerar da madubin da fankar.

Wata Asabar da safe ƙofar asibitin ta buɗe. Ɗan-Sunkuya ya ɗago da murmushin karɓar baƙi, sai ga Baba Fansho, jarida a hammata. Ya dubi bangon da aka zana wa giwaye, ya dubi 'yan kujeru ja da shuɗi masu tsayin gwiwa.

"Baba, nan fa asibitin yara ne. Kuma kai haƙoran naka a kofi suke kwana."

"Na sani," in ji dattijon. "Sabon yaron can aski kawai ya iya." Ya lallaɓa ya zauna a kan wata 'yar jar kujera, gwiwoyinsa har ƙirji, ya buɗe jarida. Wata yarinya mai kumburin kunci ta daina kuka tana kallonsa.

Ɗan-Sunkuya ya tsaya yana dubansa. Da aka tashi aiki ya nemi izinin likita, ya ɗauki hayar mota, ya je ya roƙi sabon mai shagon. Ranar Litinin dogon bencin na jingine da bango, ƙarƙashin giwayen.